Gaisuwar Na Balin

Duk faɗin Talata Mafara, kai har Bakura da Maradun, Allah bai yi masani irin Balarabe mai cajin waya ba. Wasu sai sun hau jirgi suke sanin Jamus. Shi daga kan bencinsa ya gama da ita, da waya mai fasasshen gilashi da abin kunne da gefe guda ya mutu. Muka laƙaba masa Na Balin, da sunan babban birnin Jamus, ya ce a riƙa farawa da Hera, wai haka ake kiran manya a can.

"Jamusanci ba na kowa ba ne," in ji shi, yana kaɗa shayi. "Harshen da cokali namiji ne, cokali mai yatsu mace, wuƙa kuwa ba ta nan ba ta can, ai sai mai ƙwaƙwalwa."

Mu kuma, garken wawaye, muna gyaɗa kai. Ni ne ma na gaba, don ni ke riƙe masa wayar in zai kurɓa. Matata Kubura ta ce kallon kitse muke yi wa rogo, na ce mata hassada ce.

To, gonakinmu suna can wutsiyar magudanar dam ɗin Bakolori, inda ruwa ke isowa in ya ga dama. Albasarmu ta fara kwanciya. Sai aka ce wata ƙungiya daga Jamus za ta ba da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, guda ɗaya tak, ko mu ko manoman Birnin Tudu. Saboda halin hanya, matar da za ta yanke hukunci ta waya za ta gan mu. Aka turo ma'aikaci ya yi mana tafinta da Turanci. Na Balin ya ce ana babbakar giwa wa ke jin ƙaurin zomo, a bar shi da 'yar garinsu. Ya tara mu ya koya mana "Alles gut", wato lafiya lau, muka yi ta bita har shugabanmu Ɗantani ya riƙa faɗa cikin barci.

Ranar da aka haɗa waya, Na Balin ya zo da kwat a bisa kaftani. Ya sakar wa matar gaisuwar "Guten Tag" mai ƙarfi, ta yi murna, ta juye harshe zuwa Jamusanci. Ta yi tambaya. Ya ɗaga mana hannu, muka ce "Alles gut!" Ta sake, muka sake. Ta ɗan yi turus ta ƙara wata, muka ƙara murya.

"Kun gani?" ya ce mana a hankali. "Su ma gaisuwarsu doguwa ce. Yanzu tana ina gajiya."

Ma'aikacin nan ya yi ta motsi zai yi magana, Ɗantani ya harare shi, don ɗan mutunci ba ya katse gaisuwa. Mu kuwa ko gidanmu na cin wuta ba ma kai kuka kafin a ƙare ina kwana. Muna jiran ta gama mu shigo da zancen ruwa, sai ta yi murmushi, ta ɗaga hannu, waya ta mutu.

A nan ma'aikacin ya tura saƙo ya nemi a maimaita masa tambayoyinta da Turanci, ya fassara mana abin da muka amsa. Ruwa na isa gonakinku? Lafiya lau. Amfani na bushewa? Lafiya lau. Akwai abin da kuke buƙata? Lafiya lau ƙalau. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Inji ya tafi Birnin Tudu, inda suka yi kukansu da Hausa tsantsa. Mu muka koma jan ruwa da jarka a bayan keke. Na Balin ko a jikinsa. Har yau yana gaya wa masu caji cewa ya yi magana da Bajamushiya, kuma babu kalma ɗaya tasa da ba ta gane ba.

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya kashe mu ke nan.