Mai Gemun da Ya Hau Kuɗin Kaisar

Wani ne a nan birnin Rum, mai sayar da romon kifi a bakin kogi. Tun ranar da wanzami ya zabtare masa gefen kunne ya rantse aska ba ta ƙara taɓa shi. Gemu ya taru har ƙirji, a garin da duk mai mutunci ke aske haɓa. Ga shi kuma ya mutu a kan Nebiya, 'yar wani tsohon soja Kurtiyus, wanda ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

Shekarar ce aka dawo da tutocinmu na yaƙi da mutanen Farisa suka ƙwace tun zamanin kakanni. Kun dai san yadda aka yi. Ko kibiya ɗaya ba a harba ba. Jakadu suka zauna a bakin iyaka, aka ci nama, aka yi musayar kyauta, kowa ya kama gabansa. Amma sarkinmu Kaisar ya ce a buga kuɗin azurfa na tunawa, a nuna mutumin Farisa a durƙushe yana miƙo tuta.

Hilarus, mai sassaƙa hatimin kuɗi, bai taɓa ganin mutumin Farisa ba, ya dai ji an ce gemu gare su. Yana shiga kasuwa sai ya yi kiciɓis da mutuminmu.

"Kai, mai romo! Kana son hawa kuɗi ɗaya da Kaisar?"

"Ni? Da wannan ƙarnin kifin?"

"Azurfa ba ta ɗaukar ƙarni. Taho."

A maƙera aka miƙo masa wando. Wando fa, jama'a, kayan mutanen Farisa, abin da ɗan Rum ba ya sawa ko a mafarki!

"Wannan kuma na mene ne?"

"Sabon yayi ne a fada. Zura, ka durƙusa."

"Durƙuso? Shi ma Kaisar durƙusawa zai yi?"

"Shi hoton kansa kawai za a sa a ɗaya gefen kuɗin. Kai kuwa har da ƙafafu. Wa ya fi wani?"

Kwana uku gogan naku yana durƙushe riƙe da sanda, har gwiwa ta yi kanta. Ya fito yana ɗingishi yana hura hanci. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce, "Gyara gaisuwar, an kusa fara ɓoye ni a ƙarƙashin matashi."

Ranar da kuɗi ya fito ya sami guda, ya goge shi tas, sai gidan Kurtiyus. Ya tarar da tsohon a tsakar gida da abokansa huɗu, duk tsofaffin sojoji.

"Baba, ka ce ni ba kowa ba ne. To duba nan."

Tsoho ya kai kuɗin kusa da ido. "Wannan gemun na san shi. Yankakken kunnen nan ma na san shi."

"Ni ne, Baba!"

"Kai ne da wando?"

"Yayi ne."

"Yayin ubanka! Shekara ashirin na yi a gabas, ban taɓa ganin mutumin Farisa ya durƙusa mana ba. Tutocin ma a zaune suka miƙo su, bakinsu da maiƙo. Ashe duk duniya mutum ɗaya ne ya durƙusa, shi ma ɗan unguwarmu! In ba ka 'yata, jikokina su riƙa sayen gurasa da ubansu a kan gwiwa?"

Abokai suka bushe da dariya. Tsoho ya buga kuɗin da ƙasa, ya ɗora takalmi a kan hoton mai gemun, ya murje.

"Ga matsayinka nan. Fita!"

Mutumin ya dubi takalmin, ya dubi mutum huɗun nan, ya sosa gemu.

"Ni da ka taka na yafe, Baba. Amma Kaisar da ke ƙarƙashina, da ka cusa fuskarsa a turɓaya gaban shaidu huɗu, in labari ya kai fada... wace rana ka ce za a yi bikin?"