Ranar da Na Garƙame Ƙofar Ofis

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a Rano ba, ko da na so in manta. Lokacin ina riƙon ƙwarya a kujerar jami'in kula da ma'aikata, kullum addu'ata a tabbatar mini da ita. Aka tura ni kwas Kano kan ladabtar da ma'aikata, na dawo kaina ya kumbura (har tafiyata ta canza, in ji matata). Abin da na fara yi shi ne ficewa daga zauren WhatsApp na ofis, wai surutu ya yi yawa.

Ran nan na iso da sassafe na tarar ofis wayam. Na ce yawwa, yau za a san da ni. Na karɓi makulli wajen maigadi, ya buɗe baki zai yi magana na ɗaga masa hannu. Na garƙame ƙofa da kaina, na tsaya daga ciki ina duban agogo.

Can da hantsi sai ga ma'aikatan a kan babura, jugum-jugum, har da Alhaji Garba, shugaban sashenmu, wanda amincewarsa nake jira. Ko sallamarsu ban amsa ba, balle in tambayi lafiya. Na shiga zuba abin da na haddace: amanar gwamnati, haƙƙin talakawa.

"Shi kuma Malam Isa direba ina yake?" na ce. "Kullum ba lafiya! Yau sai ya yi mini bayani."

Alhaji Garba ya dube ni ta tsakanin ƙarafan ƙofa. "Ɗana, Allah ya yi wa Isa rasuwa da asuba. Daga maƙabartar Saji muke, yanzu muka rufe shi."

Sai a lokacin na lura da jar ƙasa a ƙafafunsu. Kunya ta rufe ni, na yi ta fama makulli ya ƙi shiga kwaɗo. Ƙanin marigayin, shi ma ma'aikacinmu ne, ya zuro hannu ya buɗe, ya ce, "Ba komai, yallaɓai." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kujerar dai wani aka ba, ni aka mai da ni garin Kibiya, kuma ban ga laifin kowa ba. Yanzu in ma'aikaci ya makara, ƙafarsa nake fara dubawa kafin agogo.