Garken Kaka a Kan Piyano

"…jam ni, lafiya lau. Ya gida, ya ɗalibai? Ya maƙwabtan da kika kurumtar, sun fara ji kuwa?"

"Suna gaishe ka, Kaka. Sun ce in tambaye ka, haƙoran nan da ka zubar a hanya, an tsinto maka ko har yanzu ana cigiya?"

To, kada ku tsorata, gaisuwa ce wannan. Haka Hammanjoda da jikarsa Najiba suke gaisawa tun tana rarrafe tana ja masa gemu. Shi amarya yake kiranta, ita kuma kullum cikin fasa auren take.

Ranar da nake ba ku labari, yamma ce ta damina. Hadari ya zauna a kan duwatsun Jalingo kamar ba shi da niyyar tashi, iska na shigowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon ya hawo keke tun daga Kachalla Sembe har Turaki, inda Najiba ta mai da ɗakin da ke jikin zauren gidan ubanta ajin koyon kiɗa. Tebur ɗaya, kujeru biyu, sai piyano na lantarki da take lulluɓewa da tsohon zane. Ɗalibar ƙarshe ta tafi ke nan ya yi sallama.

Abin da ya kawo shi kuwa yana cikin aljihun rigarsa: sarewar gora, ta yi baƙi don riƙo. Akwai wata busa da yake yi tun yana saurayi, in ya gangaro da shanu bakin rafin Mayo Gwoi, zamanin da inda gidajen bulo suke yanzu duk ciyawa ce. Da wannan busar marigayiya Mero, kakar Najiba, take gane ya iso. Bana numfashi ya ƙi. In ya sa sarewa a baki, sai iska kawai, fuuu. Abin da ya fi tayar masa da hankali ma, ƙarshen busar ya ɓace masa. Yakan faro ta a zuci, ya zo wani wuri ya tsaya cik, kamar wanda ya iske an ja katanga a kan hanyar da ya saba bi. So yake a zuba abin da ya saura cikin akwatin nan tun sauran ma bai zube ba. Amma fa shi ne, ranar da aka sayo piyanon, ya ce a gaban kowa an kawo wa gidan ɗansa akwatin aljanu. Yanzu da wane baki zai roƙa?

"Me ya fito da kai da hadari haka?" in ji Najiba. "Ko tuwon gidanku ne ya ƙare?"

"Bincike na zo. An ce kina tara 'ya'yan mutane kina koya musu tsokanar haƙoran jaki. Na ce bari in gani da idona kafin in nemi wata."

"Nemo mana. Wace ce za ta yarda da angon da sai an goge masa goro a magogi?"

"Ke! Ni da 'yan mata suka biyo keken da na hau da gudu har Majidaɗi?"

"Hularka ce ta faɗi, suke miƙo maka."

Ya zauna, ya sa sandarsa ya ɗage gefen zanen.

"To, buɗe bakin dabbar in gani. Subhanallahi! Wannan ai ya fi kada haƙora. Ga farare, ga ruɓaɓɓu."

"Ruɓaɓɓun ma sun fi naka yawa."

"Da me kike koya musu? Da bulala?"

"A'a, kusa da haka dai Madam Abigail take yi, wadda ta koya mini. Ita murfin kwalba take ɗora maka a bayan hannu, in ya faɗi ka koma farko. Ka daɗe ba ka yi kiɗa ko ɗaya ba, kana ta karanta ɗigo-ɗigo a takarda kamar tsuntsaye a kan wayar lantarki. Allah ya saka mata da alheri, hannuna ya zauna. Amma ni ba haka nake yi ba."

"Ke yaya kike yi, uwar iyawa?"

"Ni tambayar yaro nake yi abin da ya riga ya sani. Ɗalibata Cynthia ta san 'yan ajinsu, sai muka raba musu wurin zama a kan haƙoran nan. In ta taɓa nan, Asta ce ta amsa. Nan kuma Patricia, mai tsiwa. Sannan ba na kama yatsan ɗalibi in ɗora masa. Shi zai nemo da kansa."

"Wato ke ki zauna, yaro ya koya wa kansa, a ce miki Malama. Ashe ni ma malami ne ban sani ba, ga shi kullum a zaune nake."

"Kai ai ba za ka iya ba. Yatsu kamar saiwar rogo."

"Ni? Yarinya, ni da in na ɗauki sarewa ruwan sama ke tsayawa a rataye sai na gama? Dorinar Binuwai ta taɓa biyo ni har ruga, sai da Mero ta kore ta da muciya."

"Na ji labarin. An ce roƙonka ta zo yi ka yi shiru, 'ya'yanta na barci."

"Ƙarya ne! Rawa ta yi, har ta taka mana ƙwaryar nono."

"To busa mu gani. Ga hadari can, tsayar mini da shi, na yi shanya."

Hannun tsoho ya tafi kan aljihu ba da saninsa ba, kan sarewar kuwa ya ɗan leƙo. Ya ga idon Najiba ya sauka a wurin, ya ga ta ɗauke shi ta mai da taga.

"Ba na busa wa matar da ba ta yi mini girki ba," ya ce. Amma muryar ba ta fita yadda ya so ba.

Najiba ta daɗe tana kallon hadarin. Can ta juyo, ta taɓe baki.

"Ai dama na sani. Babu wata busa. Ko da baki aka ce ka rera ta, ba za ka iya ba."

"Ni?"

"Kai fa."

Sai ya rufe baki ya fara ta da hanci, a hankali, murya siririya tana rawa. Bai ga lokacin da ta kunna piyanon ba. Ya tafi, ya tafi, ya iso katangar nan, ya tsaya.

"Ina sauran?"

"Sauran na manya ne."

"Uhm." Ta jawo kujerarsa har gaban piyanon. "In kun gangara rafi, wace saniya ce a gaba?"

"Me ya haɗa shanuna da jakinki?"

"Ka manta sunansu ke nan. Allah sarki, tsufa."

"Sai in manta naki ban manta nasu ba! Raneye ce a gaba, uwar garke."

Ta danna haƙori ɗaya can ƙasa, ya yi gurnani. "Ita ce wannan?"

"Kay! Wannan ai bijimi ne mai mura. Raneye muryarta a sama take. Kauce, ba ki san saniya ba."

Ya miƙa saiwar rogon nan tasa, yana taɓa fararen ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai kamar mai sauraron kuka daga nesa. Wannan ba ita ba. Wannan ma. Sai ya tsaya.

"Ga ta."

"Wa ke bin ta?"

"Ole. A jikinta take tafiya, ba sa rabuwa." Ya taɓa na kusa, ya gyaɗa kai. Fure da Wule sai da ya tsallaka gaba kaɗan ya same su, su ma kafaɗa da kafaɗa.

"To, Malam makiyayi," in ji Najiba, ta naɗe hannu, "gangaro da su."

Ya fara. Raneye, Ole, Raneye, Fure. Da yatsa ɗaya, yana tuntuɓe yana komawa. Raneye, Ole, Wule, Fure. Kun san yadda barci ke ɗaukar mutum yana zaune cikin mutane? To, haka ɗakin ya riƙa ja da baya. Tebur ya tafi, bango ya tafi. Ciyawa ta taso masa har ƙugu, jiƙaƙƙiya, balbelu na tashi suna sauka a bayan shanu. Ya ji yashi mai sanyi a tsakanin yatsun ƙafarsa, ya ji gwiwoyinsa ba sa ciwo. Ga ruwan Mayo Gwoi yana tafiya ba gaggawa, rana ta yi ja a cikinsa. Ga kuma Mero a tsallake, ƙwarya a ka, ta ɗaga hannu ɗaya ta tare hasken.

Sai katanga.

Ya taɓa farin da ke gaban Ole. Bai yi ba. Ya taɓa na gabansa. Shi ma bai yi ba. Rafin ya fara dusashewa.

"Akwatinki ya lalace," ya ce, da ɗan zafi. "Akwai abin da babu a ciki."

"Shanunka dai suka ɓata. Makiyayi mai barci."

"Nuna mini."

"Ba na kama yatsan ɗalibi."

"Ni mijinki ne!"

"Ko ubangidana ne. Koma ka duba. Wa ta sha ruwa, wa ba ta sha ba?"

Yayyafi ya fara taɓa kwanon rufi, ɗaya-ɗaya. Hammanjoda ya rufe ido. Ga su nan duka huɗun sun sa baki a ruwa. To me ya saura? Ya ɗaga kai ya dubi Mero. Ashe ba shi take kallo ba. Bayansa take kallo, can saman gaɓa. Kullum ma haka take yi, shi ne don son kai yake ɗauka shi ake jira. Ya waiwaya. Ga ta tsaye a kan tudu, baƙa wuluk, tana kaɗa jela: Ɓaleye, saniyar da Mero ta zo da ita daga gidansu, wadda ba ta taɓa shiga sahun garke ba. Ita sai kowa ya sauka take tsayawa a sama, a baya, ba ta motsawa sai an kira ta ita kaɗai. Ƙarshen busar ai kiranta ne.

Ya buɗe ido. A tsakanin fararen nan biyu da suka ƙi, ga wani baƙi, ya ɗan ja baya, ya ɗan hau sama.

"Ruɓaɓɓun haƙoran nan," ya ce a hankali, "suna magana?"

"Sai ɗalibi ya kwana biyu nake barinsa ya taɓa su. Kai ko sallamar shiga aji ba ka yi da kyau ba."

Ya danna.

Wayyo, jama'a. Ɓaleye ta sauko. Yatsan ya bi ta da kansa, daga ita zuwa Ole, daga Ole zuwa Raneye, busar ta je gida ta kwanta. Ya sake farowa daga farko har ƙarshe, babu katanga. A na biyun Najiba ta sa hannun hagu can ƙasa, tana taɓawa a hankali kamar ruwa na wucewa ƙarƙashin shanu. A na ukun ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa, ita ta yi shi ita kaɗai. Ba ta bar ko saniya ɗaya a baya ba. Ya saurara har sautin ƙarshe ya narke, ya san abin ya sami wurin zama.

Ya sa hannun riga ya goge fuska.

"Rufin ubanki na yoyo."

"A kan fuskarka kaɗai?"

"Yoyo ai ba ya shawara."

Ita ma ta ɗan ja hanci, ta dubi taga. "La! Kaka, ruwan ya ɗauke."

"Ban gaya miki ba? A rataye yake, jira yake in ba shi izini. Je ki kwashe shanyarki."

"Sai ka faɗa mini tukuna. Tsakanina da kai, waye malami yau?"

"Ni mana. Na koya wa akwati busa."

"Wa ya tambaye ka sunan shanu?"

"Wata mai surutu."

"Wa ta ƙi kama maka yatsa?"

"Wata marar tausayi."

"Da na kama fa?"

Da ta kama, da sauti kawai zai samu, ba zai waiwaya ya ga tudun ba. Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta marasa haƙora, wadda kafaɗu ke yi fiye da baki. Ya zaro sarewar daga aljihu, ya shafa ta sau ɗaya, ya kwantar da ita a kan piyanon, daidai saman baƙin nan.

"Useko, na gode, Malama. Na janye aljanun. Riƙe wannan, ta gaji da aljihu."

Najiba ta ɗauke ta da hannu biyu. "Ka ce me? Ban ji ba, ni ma maƙwabciya ce, na kurumce."

"Na ce Malama! Sau ɗaya ake faɗa. Amma ki sani, ranar da kika bar Ɓaleye a kan tudu, na sake ki."

"Na yarda. Ka dawo ran Asabar. Yatsa ɗaya ka iya, saura tara."

"Zan zo. Bincike." Ya dafa sanda ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Amarya, leƙa mini zaure kafin in fita."

"Me zan gani?"

"Ko dorinar ta iso. Babu mai muciya yanzu sai ke."