Ruwan da Na Ɗauka na Kati Ne

Wani mai tsofaffin littattafai a Kano ne ya sayar min da katunan tarot. Ya ce ba na duba ba ne, mutum yana kallon hoton ne ya karanci zuciyarsa. To amma lokacin an fara shari'ar Musulunci, wa zai tsaya jin wannan bayanin a garinmu Rano? Shi ya sa da yayana Sale ya nemi mai gadin barkonon da ya shanya a falalen dutse a Rurum, na ce ni ne, don in samu wurin da ba mai ganina da katunan.

Da na isa dutsen, na harɗe ƙafa, na zaro kati ɗaya: wata mace tana tsiyayar da ruwa ƙarƙashin taurari. Na lumshe ido. Iska mai sanyi ta taso, duniya ta yi nisa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika min hanci. Can sai ɗigo ya sauka a goshina, wani ya biyo. Na ce a raina, Allahu Akbar, ranar farko har na kai wannan matsayi! Na ƙara matse ido don kada abin ya kuɓuce min.

Muryar Yaya ce ta dawo da ni.

"Kai! Mutuwa ka yi?"

Barkonon shekara guda yana bin ruwa, dutsen ya yi jawur.

"Yaya, tunani nake."

"Da ka yi shi da ido buɗe!"

Har yau, da hadari ya haɗo, sai matan gidanmu su leƙo ɗakina: "Malam, don Allah a mayar da katin, mun yi shanya."