Yadda Masta Fiifi Ya Zama Odita

"Digiri na biyu har wani abu ne? Ku ba ni dogon hutu guda ɗaya tak, in je in ɗauko shi in dawo, ko takalmina ba zai yi ƙura ba!"

Wanda ya faɗi haka a ɗakin malamai, bakinsa cike da dokunu, tuwon masarar nan namu, da soyayyen kifi, shi ne Masta Fiifi Bentsil, malamin tarihi a wata sakandare da ke garinmu Mankessim. In ba ka san shi ba, abokina, ka gode wa Allah, kunnenka ya huta. Gajere ne mai tumbi, biro huɗu a aljihun gaba, kuma ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Ɗalibai suna kiransa Rediyo. Malamai kuwa Farfesa Saura-Ƙiris suke ce masa, don shekara goma sha biyar ke nan kullum saura ƙiris ya zama wani abu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne shugaban makarantar zai yi ritaya a watan Satumba, hukuma kuma ta ce kujerar sai mai digiri na biyu. Mutum biyu ke nema. Akwai Fiifi, wanda tuni ya auna tagogin ofishin don sabon labule, ya kuma ce wa matarsa ta fara koyon tafiyar matan manya. Akwai kuma Madam Ekuwa Dadzie, malamar lissafi, wadda ba ta da hayaniya. Ita tun dogon hutun bara ta shiga jami'ar nan ta bakin teku, ta yi rabin karatun.

"Masta," in ji ta, "kiredit talatin ake nema fa. Kowane kwas uku, kwas goma ke nan. Kuma ba a ɗaukar fiye da sha biyar a hutu ɗaya."

"Madam, wannan doka ce ta masu ƙaramin kai. Ke ki yi ta tsinta ɗai-ɗai, ni da buhu nake zuwa."

Ranar da aka buɗe rajista ya hau motar haya ya tafi. A ofishin manyan ɗalibai ya tarar da Anti Araba Eshun, wadda ta yi shekara ashirin da shida a kan kujerar nan, tabarau a kan hanci, kwalbar gyaɗa a gefe. Ya zazzage mata jakar takardu a kan tebur.

"Anti, ki ƙirga. Ni na lissafa kiredit arba'in da biyu. Ki cire talatin, ki ba ni canji."

Ta jefa gyaɗa a baki, ta ɗauki ta farko. "Waɗannan na digirinka na farko ne. An riga an ci su. Ba a cin kiredit sau biyu."

"A ɗumama su mana! Ai ɗumame ya fi daɗi."

Ba ta kula shi ba, ta ɗauki ta biyu. "Wannan difilomar shekararta goma sha biyu. Duk kiredit ɗin da ya wuce shekara shida ya mutu."

"Ya mutu? Ei! Wa ya kashe shi? Ilimi kifi ne da zai ruɓe?"

"Wannan kuma," ta ɗaga wata mai zanen fure, "ta taron koyon wanke hannu ce. Wannan ta ƙungiyar mawaƙan coci. Ɗana, ba ka da ko ɗaya."

Wani zai ji kunya ya kwashe kayansa. Fiifi sai ya jawo littafin dokoki ya fara buɗawa yana tsaki, har idonsa ya faɗa kan wani layi da ke cewa ana iya tura kiredit har guda shida. Nan take fuskarsa ta washe. Ya tuna da Kobina Arhin, abokinsa tun firamare, wanda ya gama bara da kiredit talatin da shida saboda son karatu irin nasa.

Washegari ya zaunar da Kobina a rumfar mai wake da shinkafa, ya sa aka ƙara masa ƙwai da taliya.

"Cale, abokina, shidan nan naka zaune suke, ba aikin fari ba na baƙi. Ka tura mini."

"Ana yi kuwa, Bra Fiifi?"

"A rubuce yake! Da idona na gani. Ni zan yi maka ƙarya?"

Suka shiga ofis tare, Fiifi a gaba yana taku ɗai-ɗai. "Anti, ga lambarsa, ga tawa. Ki cire shida daga can ki tura nan. In akwai kuɗin turawa shi zai biya."

Anti Araba ta dube shi, ta dubi Kobina, sai ta cire tabarau ta kifa kai a tebur. Dariya ta yi har gyaɗa ta sarƙe ta, sai da wata ma'aikaciya ta zo ta bubbuga mata baya.

"Wayyo cikina! Ɗana, kiredit ɗin waya ka ɗauka? Naka na kanka ake turowa, wanda ka yi gumi ka samu a wata jami'ar. Ba a aron na maƙwabci."

Fiifi ya waiwaya don ya ɗora wa Kobina laifi, ya tarar tuni mutumin ya kai bakin titi.

To, yanzu dole a cika fom kamar kowa. Ya karɓa yana ƙunƙuni. A gaban kowane kwas akwai akwati biyu, ɗaya an rubuta kiredit, ɗaya an rubuta odit. A ƙasa da ƙananan haruffa aka ce mai odit ba ya zana jarrabawa, ba ya aikin gida, kuma ba a ƙayyade masa yawan kwas. Akwai sauran layi ɗaya, amma babban yatsansa na kai, kuma murna ba ta bar shi ya ɗaga ba.

Kai ma ka san odita, mai binciken kuɗi. Duk ranar da odita ya zo makarantarsu daga Accra, shugaban makaranta sai ya jiƙe da gumi, a share fili, a yanka kaza. Ashe jami'a ta ware wa manyan mutane layinsu, aka ɓoye masa! Ya zaro biro ya caccake akwatin odit sau goma, har takardar ta huje.

Anti Araba ta duba. "Duka goma odit? Ɗana, ka san odit yana nufin..."

"Anti, don Allah! Ni za ki koya wa odit? Surukin ƙanwata odita ne."

"Tsaya ka ji, shi mai odit..."

"Kin so ki ɓoye mini, Allah ya tona. Buga hatimi!"

Ta ɗaga kafaɗa, ta buga.

Daga ranar jami'a ta shiga uku. Fiifi ya sayi jan biro da babban littafi, ya riƙa zama a layin gaba yana ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ba ajin da yake makara, sunansa ne farko a rajista kullum. Wanda ya fi shan wuya shi ne Dakta Essilfie, wani dattijo mai sanyin murya da ke koyar da tafiyar da makarantu. Da ya buɗe baki sai ka ji:

"Dakta, dakata! Ba haka ake fara darasi ba."

"Malam, ka bari in kai ƙarshen jimlar."

"Na san ƙarshenta. A shekarar da na fara koyarwa..."

Sai ya miƙe ya juya wa Dakta baya, ya fuskanci aji, ya ba da tarihin kansa na minti ashirin. In an tashi, ya bi malami har mota ya ce masa, "Yau huɗu bisa goma na ba ka. Ka ƙara ƙoƙari." Wata malama ta taɓa tambayarsa shi wane ne, ya buga ƙirji ya ce odita ne. Ta ce, "Oh, odit kake yi? To, sannu," ta wuce tana murmushi. Shi kuwa ya rubuta a littafinsa cewa tsoro ya kama ta.

Madam Ekuwa ma ta gwada. Ta same shi a bakin ɗakin karatu, idanunta sun yi ja don bita.

"Masta, tsakani da Allah, ka tambayi ma'anar abin nan da ka cika?"

"Hassada, Madam, hassada! Ki bari, in na hau kujera ba zan manta da ke ba. Zan ba ki kula da ƙararrawa."

Makon jarrabawa ya zo. Mutane suna shiga zaure suna addu'a, wasu ko karyawa ba su yi ba. Fiifi ya sa kujera a gindin bishiya daidai ƙofar, mai kwakwa yana fasa masa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku yi ta fama, talakawan ilimi! Wanda ya faɗi ya zo in duba lamarinsa!"

Ranar karɓar sakamako ta faɗo Laraba, hukuma kuma za ta rufe karɓar takardun masu neman kujerar ranar Juma'a. Mu nan in mutum ya yi nasara fararen kaya yake sawa, a zuba masa hoda a ka. To, Fiifi bai jira sakamako ba. Tun daga gida matarsa ta juye masa gwangwani guda, ya shigo ofis fari fat tun daga gashi har takalmi, in ya yi atishawa sai na kusa su matsa. Layi ya cika, Madam Ekuwa ce a gabansa. Aka miƙa mata tata, ta duba, ta ga talatin cif, ta rungume takardar ta koma gefe tana share hawaye.

"Saura manya," in ji Fiifi, ya miƙa hannu.

Ya duba takardar. Ya nisanta ta, ya kusanto ta, ya juya bayanta.

"Anti, injinku ya yi kuskure. Ya cinye ukun, ya bar mini sifirin."

"Bai ci komai ba. Sifiri ne."

"Kwas goma fa! Ni odita!"

"Ɗaga fom ɗinka ka karanta layin ƙarshe. Da ƙarfi, yadda ka saba."

Ta miƙa masa. Ya karanta, muryarsa tana raguwa: "Mai odit ɗan sauraro ne kawai, ba a ba shi kiredit."

Sai wani a baya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Gumi ya keto wa Fiifi, ya riƙa yanka hanya a cikin hodar yana gangarowa. Gaskiya a nan na tausaya masa. Kujerar da ya shekara yana mafarki ta tafi, ga matarsa can gida ta gayyaci 'yan cocinsu cin abinci. Ya sunkuya, ya yi ƙasa da murya, abin da ba a taɓa ji ba.

"Anti, uwata ce ke. Ki taimaka. A mayar da su kiredit."

"An rufe wannan tun mako na biyu. Sau biyu na buɗe baki in gaya maka."

"To, a ba ni jarrabawar yanzu. A tsaye ma zan yi."

"Sai hutun baɗi. Sha biyar baɗi, sha biyar baɗin waccan."

Ya dubi Madam Ekuwa, ta kawar da kai don kada ta ƙara masa. Ya sake matsowa.

"To, ko wata 'yar takarda, Anti. Kada in koma Mankessim hannu biyu. Ba abin da kuke ba 'yan sauraron?"

"Akwai. Takardar shaidar sauraro. Malamin kwas ne yake sa hannu cewa mutum ya zauna ya saurara."

Fiifi ya ɗan farfaɗo, ya gyara wuyan riga, ya waiwaya ya dubi layi. "Kun ji ko? Shaida goma! Ba ni su, Anti."

Ta jawo fayil, ta lashi yatsa, ta buɗe shafi na farko, na biyu, har na goma. Sannan ta sauke tabarau ta dube shi.

"Duk goman sun ƙi sa hannu. Dakta Essilfie ma har ya ƙara da rubutu, ya ce mako takwas kana ajinsa bai ga ranar da ka saurara ba." Ta rufe fayil ɗin. "Ɗana, na ga masu faɗuwa jarrabawa iri-iri a ofishin nan. Amma wanda ya faɗi sauraro, kai ne na farko."