Allon Maɗori

Ni da na tsaya aji biyu a lakwal, ni ne na tashi koya wa mai buga allo aikinshi. Ɗori na gada, kuma 'yan kabu-kabun Konni ba su barin maɗori da yunwa. Amma na ce sai na kafa allo bakin hanya kamar likita.

Saluhu mai shagon buga allo ya jera mini rubutu iri-iri a ordinater, kwamfutarshi. Idona ya faɗa kan wani mai jela, kamar da alƙalami anka ja shi.

"Wanga nika so."

"Baba, wanga ba shi da ƙa mai ƙugiya."

"Duba da kyau, ɗana. Wane baƙi ne nan ba shi da ƙugiya? Buga."

Ya buga. Na kafa allo, na zauna ƙarƙashinshi da babbar riga. Masu moto suna rage gudu suna dariya, ni ko ina ɗaga hannu ina amsa gaisuwa. Sai wani direban siminti na Malbaza ya tsaya, ya dafe ciki, ya ce, "Baba, tun shekaranjiya ban zaga ba, a taimaka." Nan anka karanta mini allona: Ana gyaran kashi a nan.

Na sauke allo, suna bai sauka ba. Ko masu karaya gidan Baba mai kashi suke tambaya. Tambayar da ta fi mini ciwo ita ce ta tobashina Illa, gaban surukaina: "Ƙashi dai kakanmu ya bar maka. Ɗayan, wa ya koya maka?"