Majalisar Ɗanɗanon Burukutu

A wani daji, shekara talatin Inna Bushiya tana dafa burukutu da tsiron dawar gonarta, manoma na sha ranar gayya ba mai ƙorafi. Sai manya suka kafa Majalisar Ɗanɗano, aka yi shela cewa duk tukunyar da ba ta sami hatiminta ba ba za ta shiga kasuwa ba. Aka naɗa Zalɓe shugaba, wanda tun haihuwarsa ruwan kududdufi kaɗai ya sani. Ungulu da Hawainiya suka zama mashawarta.

Ranar Laraba Bushiya ta kawo randarta, kumfa na tashi. Zalɓe ya tsoma baki, ya lumshe ido, ya daɗe.

"Baiwar Allah," in ji shi, "abin nan warin dawa yake yi."

"Ranka ya daɗe, ai da dawa ake yinsa."

"To, kin ji matsalar. Akwai ƙauyanci a ciki. Ba shi da zurfi."

Ungulu ta ce ita ba ta ji ƙanshin komai ba, kuma hancinta ba ya ƙarya. Hawainiya ta ce daidai abin da take shirin faɗa ke nan.

Tunku, maƙwabcin Bushiya, bai taɓa dafa ko kunu ba. Da safen nan ya tari ruwan da ta wanke tukunya da shi, ya zuba a ƙwarya mai zane, ya rufe da faifai, ya kawo gaban majalisa.

"Iyayengijina," ya ce yana durƙuso, "wannan daga ƙetaren kogi ya zo. Sai harshen da ya waye ke gane shi."

Zalɓe ya kurɓa, ya yi ajiyar zuciya. "Madalla! Ku ji sanyi, ku ji natsuwa. Ba ya damun harshe da ɗanɗano."

Nan take aka buga wa Tunku hatimi.

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, kallon kitse kuke yi wa rogo. Ruwan wankin tukunyata ne."

Aka ci ta da laifin raina majalisa, aka fasa randarta a gaban jama'a. Ta tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya, ta koma gida, ba ta ƙara jiƙa dawa ba.

Daminar nan aka yi gayya da abin Tunku. Kafin azahar manoma suka watse, ciyawa ta cinye gonaki.

Har yau majalisar tana zama duk Laraba, kuma ba a taɓa jin ta yi kuskure ba.